Tamale: Wa Ke Da Iko Da Ƙasar Da Kake Kiwo?

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwa mai bin hanyar Paga zuwa Kumasi, in ka sauka Tamale kada ka tambayi gidan gwamna. Babu shi. Gana ba ta da jihohi masu zaɓaɓɓen gwamna da majalisar dokoki irin na Nijeriya. Yankuna ne, kuma shugaban ƙasa ne daga Akara yake naɗa ministan kowane yanki. Shi ne kuma yake ba da sunan shugaban gunduma, majalisar gundumar ta amince. Mutanen Nijar ba za su ga baƙon abu a nan ba, don gwamnan Maraɗi ma naɗa shi ake yi.

Tamale ba tsohuwar fada ba ce. Sarkin Dagwamba, wato Ya-Na, a Yendi yake zaune, babbar kasuwar goro kuwa Salaga ce, inda fataken Kano da Katsina suka saba sauke kaya. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, Hausawa suka bazu, suka kafa zango a wasu garuruwa. Sannan Turawa suka tsaga ƙasar Dagwamba biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus. To, Ingila na neman mazauni a nata ɓangaren, sai ta ɗauke hedikwatarta daga Gambaga ta kawo Tamale a 1907. Ofis ya jawo hanya, hanya ta jawo kasuwa, kasuwa ta jawo baƙi.

Tun samun 'yanci a 1957 ake yi wa Arewar yanka. A 1960 aka cire yankin sama, a 1983 aka raba shi biyu, Bolgatanga da Wa. Ranar 27 ga Disamba 2018 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ƙara fitar da yankuna biyu daga jikin Tamale, ɗaya mai hedikwata a Damongo, ɗaya a Nalerigu. Yankunan ƙasar suka tashi daga 10 zuwa 16. Dalilin da ake bayarwa shi ne yawan jama'a da nisan hukuma, kuma da gaskiyarsu: ƙidayar 1960 ta sami mutum miliyan 6.7 a Gana, ta 2021 ta sami miliyan 30.8. Tamale kanta ta cika ta batse, har a 2012 aka yanke mata Sagnarigu ta zama gunduma mai zaman kanta. Amma ni a ganina akwai lissafin ƙuri'a a ciki, don kowace ƙabila mai babban sarki tana son hedikwata a ƙofar gidanta.

Ɗaliban siyasa da mulki irin wannan suke karantawa. Jami'ar UDS, wadda gwamnatin Rawlings ta kafa a Tamale a 1992, har ƙauye take tura ɗalibanta su zauna na wasu makonni, su rubuta abin da suka gani. Kai ba ka shiga aji ba, amma darasin a kan garkenka yake ƙarewa.

Ga yadda abin yake. Tsarin mulkin 1979 ya mai da ƙasar Arewa hannun sarakuna da masu ƙasa na gargajiya. Saboda haka izinin zama da kiwo wurin sarki ake nema. Ɓarnar gona kuwa, manomi wurin wakilin unguwarsa yake kai kuka, shi kuma wakili ƙuri'ar manomin ce ta kai shi majalisa. Ka ga an sami iko biyu a fili ɗaya. Sarki ya karɓi gaisuwarka ya ce zauna, majalisar gunduma ta ce tashi. In aka yanka sabuwar gunduma, burtalin da ka saba bi sai ya ratsa hukumomi biyu, kowacce da rasit ɗinta. Rikicin ƙasa a nan ba wasa ba ne. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja, wanda aka ce daga cinikin zabo ya tashi, asalinsa tambayar wa ke da ƙasa ce.

Tsofaffin zango ba su manta da Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Mutane suka sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance, har da waɗanda a Gana aka yanke musu cibiya. A 1983 Nijeriya ta yi wa mutanen Gana irin haka. Yau akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirga, da ta 1998 kan ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ta ce ka riƙe takardar shaidar garkenka da ta rigakafi. Sai dai izinin wucewa daban, zama ɗan ƙasa daban. A Gana haihuwa kaɗai ba ta isa ba, ana duba iyaye ko kakanni, shi ya sa Bafulatani ko Bahaushen da kakansa ya zo tun zamanin Turawa yakan sha tambayoyi wurin yankar katin ɗan ƙasa.

In za ka shiga da shanu bana, gai da sarki tukuna, sannan ka nemi wakilin unguwar da ofishin likitan dabbobi na gundumar. Duk kuɗin da ka biya, a rubuta maka, da sunan gundumar a jikin takardar.