Yunwar da ta warkar da yara: tarihin cutar siliyak, daga Holan zuwa injin niƙan unguwarmu

1/ A sanyin 1944 zuwa 1945 yunwa ta kashe mutum wajen 20,000 a ƙasar Holan. Amma a cikin wannan bala'in wasu yara da suka daɗe kwance a asibiti sai suka fara murmurewa. Da abinci ya dawo, ciwonsu ya dawo. Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama, don a Kankia da Kusada zai sauka.

2/ Sunan cutar siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari, gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo da miƙewa. Yawancinmu lafiya lau muke cinsa. Amma akwai wanda da ya ci, garkuwar jikinsa sai ta juyo ta afka wa ƙaramin hanjinsa.

3/ Cikin hanji akwai 'yan tsirai ƙanana masu yawan gaske, kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Cutar nan aske su take yi, hanji ya koma sumul. Sai yaro ya ci ya ƙoshi amma abincin wucewa kawai yake. Gudawa mai maiƙo da wari, ciki ya kumbura, ɗuwawu ya motse, jini ya yi ƙasa, ga rigima ba dalili.

4/ Ba sabuwar cuta ba ce. Kusan shekara 1,900 da suka wuce wani likita Bagirke, Aretaeus, mutumin Kafadokiya da ke Turkiyya ta yau, ya siffanta ta. Daga kalmarsu ta "ciki" sunan ya samo asali. Ya ga ramar, ya ga gudawar, amma musabbabin ya ɓace masa. Haka aka yi ta tafiya ƙarni bayan ƙarni.

5/ Sai 1888 Dakta Samuel Gee na Landan ya rubuta bayanin da har yau ake jinjina wa. Ya gane cewa idan maganin zai samu, to a abinci yake. Har ya ba da labarin wani yaro da ya yi ɓul-ɓul lokacin da ake ba shi wata katantanwar teku ta Holan kullum, da lokacinta ya wuce sai ya koma gidan jiya.

6/ Abin tausayin, Gee ya hana madara da shinkafa da kayan lambu, amma ya bar wa yaran biredi, wai a yanka shi siriri a gasa. Ya kori baƙi, ɓarawon kuwa yana cikin ɗaki.

7/ A 1924 wani likitan yara a New York, Sidney Haas, ya zo da tasa: ayaba. A cika yaro da ayaba, a hana shi biredi da dankali da hatsi. Yara da yawa sun rayu, sai aka ɗauka wani sirri ne a cikin ayabar. Alhali biredin da aka janye ne ya yi aikin. Illar ita ce iyaye sun zaci an warke, bayan ɗan lokaci suka mai da yaran kan alkama.

8/ Yanzu mu koma Holan. Willem Dicke, shugaban asibitin yara na Juliana a birnin Hague, tun shekarun 1930 yake zargin alkama, har ya rubuta haka a 1941. Ba a wani saurare shi ba. Wa zai yarda cewa biredi, abincin kowa da kowa, shi ke kashe yaro?

9/ Sai yaƙi ya yi masa gwajin da babu likitan da zai iya yi. Sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar. Fulawa ta ɓace, mutane suka koma cin gwazar sukari da albasar furen tulif. Kowa na ramewa, amma yaran Dicke masu siliyak gudawarsu ta lafa. A 1945 da biredin agaji ya iso, su aka fara ba saboda tausayi. Nan take ciwon ya taso.

10/ A 1950 ya kare digirinsa a kan wannan a jami'ar Utrecht. Shi da abokan aikinsa biyu, Weijers da van de Kamer, suka riƙa canza wa yara abinci suna auna maiƙon da ke fita a bayan gidansu. Eh, aikin ƙazanta ne, amma shi ya kama ɓarawon. A 1952 su Charlotte Anderson a Birmingham suka tabbatar gulutin ne, ba sitacin alkamar ba.

11/ Sauran a gurguje: 1954 John Paulley ya nuna yadda hanjin ke askewa. 1956 Margot Shiner ta samo hanyar tsinko ɗan naman hanji ta baki. 1997 masu bincike a Berlin suka gano abin da garkuwar jiki ke kai wa hari, wanda gwajin jinin yau ya dogara a kai.

12/ Na san me wani zai rubuto: "ciwon Turawa ne wannan." Su ma likitoci haka suka ɗauka shekara da shekaru. Sai a 1978 aka wallafa rahoton yaran Sudan masu ita. A 1999 kuma Carlo Catassi da tawagarsa suka gwada yaran Sahrawi 989 a sansanin gudun hijira da ke Aljeriya, suka samu kashi 5.6 cikin ɗari. A duniya wajen kashi 1 ne. Wato mafi yawan da aka taɓa gani a Afirka aka gan shi.

13/ Mutanen nan makiyaya ne a da, nonon raƙumi da nama. Gudun hijira ya mai da su kan garin alkamar agaji safe da yamma. Gadon cutar yana cikin jininsu tuntuni, alkama ce kawai ba ta iso da yawa ba. Ku riƙe wannan, don labarinmu ya ɗan yi kama da shi.

14/ Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunan ma daga Larabci muka aro, kuma an daɗe ana nomanta a fadama da rani. Amma abincin alfarma ce: alkaki a garar amarya, finkaso ranar sallah, taliyar hannu in an yi babban baƙo. Ku tambayi kakanninku a Kusada sau nawa suke cin alkama a shekara suna yara. Gero ne da dawa, fura da rana, tuwo da dare.

15/ Abin ya juya ne bayan 'yancin kai. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, biredi ya bi titin kwalta har ƙauye, teburin mai shayi ya zama majalisa. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Zariya, suka fitar da littafi mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama.

16/ Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka ce Kadawa da sauran wuraren noman rani su ciyar da ƙasa. Ba ta kai ba, a 1992 aka janye. Su damuwarsu kuɗin shiga da fice ne. Ni abin da nake gani shi ne yaron da aka yaye yau a Kankia: biredi da shayi da safe, biskit a makaranta, taliya da rana, Indomie da dare. Alkama sau huɗu kafin ya yi barci.

17/ Ba wai na ce alkama guba ba ce, kar a je a ce na ce. Cikin yara ɗari, casa'in da tara ba ruwansu. Maganar ɗayan nan nake yi, don ɗan yayata ne. Shekararsa huɗu amma kayan ɗan shekara biyu yake sawa. An ce haƙori, an ce shawara, an ce tsutsar ciki, an ce maita. An sha jiƙo, an sha maganin gudawa ba adadi.

18/ A wurinmu cutar nan tana da wurin ɓuya mai kyau: tamowa. Jiharmu na fama da ita sosai, don haka yaro ramamme mai ƙaton ciki ba ya ba kowa mamaki. Shi ma an sa shi kan madarar gyaɗar nan ta leda, ya yi kyau, aka sallame shi. Ya koma biredi, ya sake zubewa. Madarar ba alkama a cikinta. Labarin Dicke sak, shekara tamanin bayansa.

19/ Wata likitar yara ce ta tsaya a kan tambaya ɗaya: gidan akwai abinci, 'yan'uwansa lafiya, me ya sa shi kaɗai? Ta tura su Kano gwajin jini, daga nan aka zura kyamara aka duba hanji. Abu mai muhimmanci: KAR ku janye alkama kafin gwaji. In an janye, sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali cutar na nan.

20/ Da Yaya ta dawo da takardar abin da zai bari, kuka ta sa. Inna, kakarsa, ta sa aka karanto mata, ta ce, "To ke, ai abin da aka bar masa shi muka ci muka haife ku." Gaskiyarta. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, dankali, gyaɗa, zogale, nama, ƙwai, duk nasa ne. A Turai mai siliyak tsadar biredi na musamman yake kuka da ita. Mu rumbunmu ya wadatar.

21/ Wahalar tana inda fulawa ke laɓewa. Ɗan wake na asali garin wake ne da rogo ko dawa da kuka, amma yanzu da yawa fulawa ce zalla. Wasu masu waina na barbaɗa ta don ƙullu ya kama. Mai ƙosai na soya fanke a cikin man ɗaya. Semo da kuskus alkama ne, mutane da yawa ba su sani ba. Lemon malt, garin shayin gwangwani da dunƙulen miya, sai an karanta jikin kwali an ga ko da alkama ko sha'ir.

22/ Babban tarkon kuwa injin niƙa. Ma'aunin duniya ya ce abinci bai tsira daga gulutin ba sai bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Ku kwatanta da abin da ke maƙale cikin inji bayan an niƙa tiya biyu ta alkamar finkaso. Ana gab da sallah kuwa duk injin unguwa haka yake.

23/ Wata biyu da fara kiyayewa gudawar ta dawo, aka rasa dalili, ashe garin dawar ne. Yaya ta je ta sami mai injin: "Malam, don Allah in ka niƙa alkama ka faɗa mini, yaron nan ba ya ɗaukarta." Ya ce, "Hajiya, ko an wanke ba ya fita duka." Tun daga nan nasa garin a turmi ake dakawa, turmin da alkama ba ta taɓa shiga ba, da rariyarsa da muciyarsa daban.

24/ Murmurewar ba dare ɗaya ba ce. Cin abinci da walwala su ke fara dawowa cikin 'yan makonni, sai nauyi, tsawo ne na ƙarshe. Hanji kan ɗauki watanni, wani har shekara ɗaya zuwa biyu. An ba shi maganin ƙarin jini. Da farko ko furar da aka dama da nono tana ɓata masa ciki, don askakken hanji ba ya iya narkar da sukarin madara. Da ya fara warkewa ya koma shan abarsa.

25/ Likitar ta ce a gwada ƙannensa da iyayensa, don cikin dangi na kusa wajen ɗaya cikin goma na iya samunta, wani ma ba tare da gudawa ba, sai ƙarancin jini ko rashin tsawo. Kuma ba a girma a bar ta. Kuskuren zamanin ayaba ke nan, kar mu maimaita.

26/ Abin da har yanzu ake fama da shi ba ciwon ba ne, kara ce. A gidan suna goggo za ta miƙo cincin ta ce, "Haba, ɗan wannan me zai yi masa?" In an hana, a ce uwar ta cika iyayi. Yanzu in za su fita Yaya na ƙulla masa gugguru da ƙuli-ƙuli da dabino a jaka, malamar islamiyyarsu ma an yi mata bayani saboda ranar rabon biskit. Shi kansa ya iya tambaya. Ran nan a Kankia mai shago ya ba shi alewa kyauta, bai karɓa ba sai da ya ce, "Baba, da fulawa a ciki?"