Bakin ruwan Birnin Lalle: inda Gobir ta taɓa zama



Kwanakin nan yaranmu da ke Kwatanu da Lome sai turo hotuna suke na bakin teku, wai ga wurin hutawa babu hayaniya. Madalla. Mu Nijar Allah bai ba mu teku ba, amma ga tabkin Birnin Lalle, nan cikin gundumar Dakoro. In ka je da hantsi bayan damina, shiru kake ji, sai kukan tsuntsaye da shanun makiyaya da sunka sauko shan ruwa.

To wanga wuri mai shiru, babban birnin Gobir ne a da.

Gobirawa daga Azbin sunka taso, bayan Abzinawa sun yi ƙarfi can arewa. Sunka yo kudu sannu a hankali har sunka kafa gadon sarauta a Birnin Lalle. Sunan ma shaida ne: Bahaushe ba ya ce ma ƙauye birni, sai gari mai ganuwa da sarki. Kuma wanda ya san ƙasar Dakoro ya san ba a tara jama'a da dawaki inda babu ruwa.

Daga baya sarauta ta ci gaba da gangarawa kudu. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya gina Alƙalawa cikin ƙasar Zamfara. Can Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, can kuma Yunfa ya faɗi a 1808 hannun mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi.

Abin da ke ci mani rai shi ne, in an ce Gobir sai a ce Tsibiri, Sabon Birni, Alƙalawa. Birnin Lalle fa? A lakwal mun haddace sarakunan Gao, mun san Faransa gari-gari, amma ɗan Dakoro sai ya gama karatu bai san fadar Gobir ta zauna ƙofar gidansu ba. Yau komin ce ta karkara, manoma da makiyaya na raba ruwa guda.

Tsofaffin da ke riƙe da labarin kakanni kuwa suna ta raguwa. Wanda ke da kaka ko dattijo a Birnin Lalle, don Allah ya ɗauki muryarsa a salula ya turo muna, za mu sa a shirinmu.