Maguzawan Kudancin Katsina da Alkawarin Kare 'Yan Tsiraru

Tun kafin zuwan Turawa, Maguzawa suna zaune cikin manyan gidajen gandu a karkarar Malumfashi da Ƙafur da Funtuwa, suna noman dawa da auduga. Bayan jihadin 1804 masarauta ta riƙe su a matsayin 'yan amana, watau su biya jiziya, a bar su da addinin kakanninsu. Wannan kariya ce ta gaske, sai dai kariya ce irin ta mai gida ga bara.

Da mulkin kai ya gabato, aka shiga shirin ɗaure jihohin Arewa da Yamma da Gabas cikin tarayya guda, sai ƙananan ƙabilu suka nuna tsoron danniya. Saboda haka a 1957 Ingila ta naɗa hukumar Henry Willink ta bincika. Rahotonta na 1958 bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Shawarar da ya bayar ita ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam, har da 'yancin addini, cikin tsarin mulki. Haka kuwa aka yi a na 1960.

To, amma muhawarar duka ta ginu ne a kan ƙabilu masu harshensu da yankinsu. Shi kuwa Bamaguje Bahaushe ne, gonarsa na iyaka da ta maƙwabcinsa Musulmi, imani kaɗai ya raba su. Don haka rabon jihohi na 1967 da 1976, da kafa Jihar Katsina a 1987, ba su sauya matsayinsa ba. A tsakanin nan Maguzawa da yawa sun musulunta, musamman lokacin rangadin wa'azin Sardauna wajen 1964, waɗansu kuma suka shiga addinin Kirista. Da rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya bazu, har Funtuwa sai da aka ƙona majami'u, alhali alkawarin na nan a rubuce.

Wannan rauni bai tsaya ga Nijeriya ba. A 1993 Tarayyar Turai ta gindaya wa ƙasashen da suka fito daga mulkin kwaminisanci sharaɗin kare tsirarunsu kafin a karɓe su. Silobakiya ta shiga a 2004, amma a 2009 ta tsananta dokar harshen ƙasa har da tara, abin da ya harzuƙa 'yan ƙasarta masu jin harshen Hangari.

Abin lura shi ne, alkawarin da aka ɗauka domin a sami shiga yakan yi sanyi da zarar an rufe ƙofa. Sashe na 38 da na 42 na tsarin mulkin 1999 sun tabbatar da 'yancin addini, sun hana wariya. Amma inda Bamaguje zai ga amfaninsu shi ne teburin ma'aikacin da ke ba da takardar shaidar ɗan ƙasa, da filin gini, da gurbin makaranta.