Yadda Salon Rubutun Alƙur'ani Ya Ratsa Zamanai a Ƙasar Haɗeja

Ƙasar Haɗeja, wadda Allah Ya shimfiɗa a bakin kogin da ke gangarawa ta Nguru da Gashuwa har ya nufi Tafkin Cadi, ta daɗe tana kan hanyar almajiran da ke tafiya gabas neman haddar Alƙur'ani. Kuma da yake ta yi maƙwabtaka da Barno tun kafin Sambo ya kafa mulkin Fulani a cikinta a zamanin jihadi, alarammominta sun sha daga tafkin rubutun Barnawa, mai kaurin alƙalami da miƙaƙƙun haruffa, wanda asalinsa ke komawa ga rubutun Magariba.

Abin lura a wannan sana'a shi ne cewa marubuci ba kalmomi kaɗai yake gada ba, har da tsarin da aka zuba su a ciki. Yaro yakan fara da allo da tawadar gawayi da ƙaro, yana kwaikwayon hannun malaminsa harafi bayan harafi, tun yana kolo har ya zama titibiri, sa'an nan gardi, ta yadda ranar da zai zauna yin satu, wato rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka ba tare da duban wani kwafi ba, ƙa'idojin shafi sun riga sun zauna masa a hannu kamar yadda ayoyi suka zauna masa a zuciya. Ya san jikin haruffa da baƙin yambari ake yinsa, wasali da jar tawada, hamza da rawaya. Ya san fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama, bisa riwayar Warshu daga Nafi'u. Ya san inda kumsa take zama bayan ayoyi biyar, da kuri bayan goma, da zayyanar da ke nuna sumuni da rubu'i da nusufi da hizbi a gefen takarda. Saboda ba a ɗinke warƙoƙin, sai a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don kada su rikice in an fito da su daga gafaka.

Zamani ya yi ta juyawa. Takardar Italiya mai tambarin wata uku, wadda fatake suke kawowa ta Tarabulus, ta ragu bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906 kuma ciniki ya karkata kudu. Daga baya masu ɗab'i suka riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanaye irin su Sharif Bala na Gabari a Kano suna buga shi dubbai, sa'an nan bugun Misira da na Madina a riwayar Hafsu suka cika masallatai. Duk da haka tsarin tsangaya bai gushe ba, domin a ƙirjin mutane yake.

A yau mai aiki da kwamfuta yakan kwashe salon rubutu daga wani daftari na Microsoft Word ya ɗora wa wani cikin ƙiftawar ido, har ma an ƙera haruffan kwamfuta masu suna Alkalami bisa rubutun Kanawa. Wannan ni'ima ce abar godiya, amma na'ura siffa kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar isnadi, ba ta kuma zaunar da marubuci gaban gwanaye su bi rubutunsa aya aya suna gyarawa. Wajibi ne masarautar Haɗeja da hukumomin Jihar Jigawa su tattara tsofaffin kwafe-kwafen da ke gidajen malamai su adana hotonsu, su kuma tallafa wa alarammomin da ke koyar da wannan rubutu tun suna raye.