Girman Kai da Taƙama a Tarihin Mulkin Ƙasar Hausa



Abin da nake so mu duba yau shi ne kalmar girman kai, da 'yar'uwarta taƙama, da yadda suka taso tare da sha'anin mulki a ƙasar Hausa.

Hausa tana da kalmomi da dama na wannan hali. Akwai waɗanda muka aro daga Larabci ta hannun malamai, kamar alfahari, da riya, da ujubu, da izza. Akwai kuma na gida, kamar jiji da kai, da fankama, da homa, da kuri. Amma girman kai ya fi su tona asirin abin, domin an gina shi a kan kalma mai daraja, wato girma. Bahaushe ba ya ƙin girma. Yakan ce a ba wane girma, ko wane ya ja girmansa. To, a lura, girma jama'a ne ke bayar da shi, su ne kuma ke janye shi. Da zarar mutum ya ɗebo shi ya ba kansa, sai ya zama girman kai. Shi ya sa ake cewa girman kai rawanin tsiya ne. Rawanin sarauta wasu ne ke naɗa wa mutum a bainar jama'a. Wannan kuwa mai shi ne ke naɗa wa kansa, ba shaida, ba mabiya.

Ita taƙama fuska biyu gare ta. In an ce wane yana taƙama, ana nufin yana tafiya da rangwaɗa da nuna isa. In kuwa aka ce garin nan da wane yake taƙama, to, yabo ne, ana nufin shi ne abin dogaro. Saboda haka abin tambaya a kullum shi ne: da me ake taƙamar?

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka shigo da kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage. Waɗannan kayan ƙasaita ne, an yi su domin gadon sarauta ya sami kwarjini. A wannan zamanin ne kuma Shehu Magili ya rubuta wa sarkin littafin nasiha kan mulki. Bai hana sarki kyautata shiga da kiyaye haiba ba, amma ya yi ta nanata gargaɗi a kan sarki ya kange kansa daga talakawansa. Ga iyakar nan tun wancan lokaci: kwarjini na kujera ne, kangewa kuwa girman kai ne.

Bayan shekara kusan ɗari uku sai maganar ta sake tashi a Gobir. A taron Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓa, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji, a kuma mutunta masu rawani. Daga baya Sarki Nafata ya hana jama'ar Shehu naɗa rawani. A cikin Kitabul Farƙi kuwa, Shehu ya lissafa zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa cikin al'adun mulkin da yake suka, domin ƙasƙanta mai gaisuwa ne don a kumbura wanda ake gaisarwa.

Amma fa kada mu ɗauka jihadin 1804 ya kashe wannan cuta. A 1807 Abdullahi, ƙanen Shehu, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun fara kwaɗayin mulki da dawaki da manyan riguna. Mutanen Kano ne suka tsare shi, har ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kafin ya koma. Wato waɗanda suka tuɓe wa wasu rawanin tsiya, cikin shekara uku wasunsu sun soma gwada shi.

Haka kuma aka sake yi a ƙarni na 20. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta koya wa talakawa cewa ba dole ba ne su cire takalma ko su faɗi ƙasa don hakimi zai wuce. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ikon En'e ya koma hannun 'yan boko. Shin girman kai ya tafi tare da En'e? Duk wanda ya taɓa yini a kan benci yana jiran sa hannu ɗaya, ko ya ji ana cewa, "Ka san ko ni wane ne?", ya san amsar. Figini ya zama masinja, zaure ya zama ofishin sakatare, kangewar da Magili ya yi gargaɗi a kanta tana nan daram.

Ɗalibai, takardar da za ku samu rawani ce, jama'a ne suka biya kuɗin naɗa muku ita da harajinsu. Ma'aikata, tsohon da ya zo daga ƙauye neman haƙƙinsa, kujerarku yake girmamawa, kuma ranar ritaya kujerar ba za ta bi ku gida ba. Ku yi aikin da zai sa garinku ya yi taƙama da ku. Wanda ya zaɓi ya yi wa garin taƙama, ya tuna da Alƙalawa, birnin Gobir, wadda aka ci a 1808, yau kufai ce.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Wassalam.