Gari ko Gari? Abin da Hoton Ajami Ke Adana Mana

Jama'a, ga tambaya: in ka ga an rubuta "gari" da boko, na tuwo ake nufi ko na mutane? Sai ka duba jimla. Amma malamin da ya rubuta da ajami yakan raba maka gardama, domin a garin tuwo yakan sa alifi bayan baƙin farko, alamar dogon wasali. Boko kuwa, tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, an bar tsawon wasali ba alama. Ka ga ke nan tsofaffin takardun ajami, irin na zamanin Nana Asma'u (1793-1864), shaida ne kan yadda ake furta Hausa a da.

A da sai ka yi tattaki zuwa Arewa House a Kaduna, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ko IRSH a Yamai, kafin ka ga irinsu. Yanzu kyamara ta rage nisa. Tun 2004 ɗakin karatu na British Library ke gudanar da shirin ɗaukar hoton takardun da ke fuskantar lalacewa, Jami'ar Boston ta Amurka ma ta ɗora rubuce-rubucen ajami na Hausa a intanet. Kana zaune da wayarka za ka faɗaɗa shafi har ka ga ɗigon da ido zai tsallake.

Takardar kanta ma tana magana. In aka haska ta ta baya, sai tambarin masana'anta ya fito, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka shigo ƙasar Hausa ta hamada. Da shi ake kintatar lokacin da aka kwafi littafi.

To amma fa kar ka ɗauka na'ura ta gama aiki. Rubutunmu na Warshu ne: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama. Manhajar da aka horar da bugun Masar ko Labanan tana iya ganin ƙaf ɗinmu ta ce fa ce, sai "ƙasa" ta koma "fasa". A 2016 Unicode ya ƙara haruffa na musamman don rubutun Warshu, kuma akwai salon haruffa mai suna Alkalami da ya kwaikwayi rubutun Kano.

Saboda haka in za ka yi nazari, bi matakai uku. Ajiye hoton yadda yake. Kwafe shi da ajami, baƙi da wasali, ko da ka ga abin da kake zaton kuskure ne. Sannan ka juya zuwa boko, ka nuna dogon wasali. Duk wanda ya yi tsalle zuwa mataki na uku ya "gyara" wa marubuci Hausarsa, ya goge shaida ke nan. Wataƙila abin da ya gyara Sakkwatanci ne tsantsa.

In akwai tsofaffin takardu a gafakar kakanka, ɗauki hotonsu a hasken rana, shafi bayan shafi, kar ka hargitsa jerinsu. Gara da damina ba sa jiran kowa.