Tarihin sauya wa bindigar farauta awon harsashi

Sauya awon harsashi shi ne a ɗauki bindigar da aka ƙera domin wani nau'in harsashi, a gyara ta ta koma cin wani dabam. A Ingila da Amurka da inci ake faɗin awon, kamar .303, a sauran ƙasashen Turai kuwa da milimita, kamar 8×57, inda lambar farko take nuna faɗin ramin bututu, ta biyu kuma tsawon kwanso. Maƙerin bindiga yakan cire bututun ya ɗaura sabo, ko ya ƙara wa mazaunin harsashi zurfi, ko ya rarake ramin ya ƙara faɗi, ko ya zura masa siririn bututu a ciki ya tsuke shi. Tsadar bindiga tana ga uwar jikinta ne, wato sakata da gidanta da kunama, kuma waɗannan kan daɗe. Bututu shi ke cinyewa da yawan harbi, shi ne kuma mai sauƙin canzawa.

Sojoji ne suka buɗe wannan hanya. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, gwamnati ta tarar da rumbunanta cike da bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, alhali zamaninsu ya wuce. Erskine Allin, babban maƙerin masana'antar Springfield, ya yanke bayan bututun ya yi masa ƙofa mai ɗagawa sama. A samfurin 1866 ya ƙara da zura bututu cikin tsohon, awon ya sauko daga .58 zuwa .50. Da irin wannan bindiga William Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, ya riƙa harbin ɓaunan Amurka yana ciyar da ma'aikatan shimfiɗa layin dogo na Kansas Pacific. A shekarar 1866 ɗin ita ma Ingila ta mai da bindigoginta na Enfield masu ci ta baya bisa tsarin Jacob Snider, daga baya kuma ta ɗaura wa bindigoginta na Martini-Henry da dama bututun .303.

Sai dai doka ta fi komai tura maharba gun maƙera, kuma nan ne tarihin ya fi armashi. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila sun hana shigar da harsashi mai awon .450 ƙasashen Indiya da Sudan, don tsoron kada ya faɗa hannun masu tayar musu da ƙayar baya, waɗanda ke riƙe da tsofaffin Martini-Henry. Wannan kuwa shi ne awon da maharban giwa da ɓauna suka fi amincewa da shi. Nan da nan kamfanonin Ingila suka fito da .465 da .470 da .475, masu ƙarfi kusan ɗaya da na da, faɗin kawai ya bambanta.

Jamus ta fi kowa nuna dabara. Bayan yarjejeniyar Basai ta 1919 an taƙaita ƙera makamai masu awon soja, wato 8×57, wanda bindigogin Mauser na maharban ƙasar da yawa ke ci. Maƙera suka ƙara wa mazaunin harsashi tsawon milimita 3 kacal, aka sami 8×60. Bututu bai canza ba, kan harsashi bai canza ba, amma a idon doka bindigar ta tashi daga ta yaƙi ta zama ta farauta. Ƙarin albarushin da sabon kwanson ya ɗauka ma ya ɗan ƙara masa ƙarfi. Faransa ta kafa irin wannan doka a 1939, ba ta sassauta ta ba sai 2013, shi ya sa maharbanta suka daɗe suna riƙe da awo irin 7×64. A Ostareliya, inda jihar New South Wales ta tsaurara kan awon soja, aka riƙa matse bakin kwanson .303 ya kama ƙaramin harsashi, aka ɗaura wa tsofaffin bindigogin Lee-Enfield sabon bututu, aka sami .303/25 na harbin kangaru. Indiya kuwa ta rarake Lee-Enfield masu yawa a masana'antar Ishapore, ta shafe tsagin cikin bututunsu, ta mai da su .410 domin 'yan sanda da masu gadi.

A Amurka matsalar ta rashin harsashi ce. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu sun zo da ganimar Mauser ta Jamus da Arisaka ta Japan, suka tarar harsasansu na wuyar samu a kanti. Kwanson .30-06 kuwa ga shi nan birjik, rarar soja. Sai aka faɗaɗa bakinsa ya ɗauki harsashin milimita 8, aka gyara mazaunin Mauser ya dace, aka sa masa suna 8mm-06. Tun kafin nan, a 1922, Townsend Whelen da James Howe sun fito da .35 Whelen daga wannan kwanso, kuma bindigogi da yawa da bututunsu ya cinye sun sake rayuwa ta hanyar rarake su zuwa wannan awo. Shekara 66 ya yi a hannun ƙananan maƙera kafin kamfanin Remington ya karɓe shi a 1988.

Ba kowane sauyi ne ya yi kyau ba, kuma wajibi ne a faɗi haka. An mai da Arisaka masu awon 7.7 zuwa .30-06 ba tare da canza bututu ba, harsashi ya zamo ya fi ramin siranta kaɗan, saiti ya lalace. Wanda ya fi haɗari shi ne akasin haka. A 1905 Jamus ta ƙara wa harsashin 8×57 kauri daga inci .318 zuwa .323, suna kusan ɗaya, kuma wanda ya harba mai kaurin a tsohon bututu matsin cikinsa na iya wuce abin da ƙarfen zai jure. Bindigar da aka sauya ba a buga mata sabon tambari ba tarko ce ga wanda ya gaje ta ko ya saya, domin rubutun da ke jikinta ƙarya yake faɗa. Saboda haka ne a Ingila da Jamus da Beljiyam doka ta ce duk bindigar da aka taɓa mazauninta ko bututunta sai ta koma gidan gwaji, a harba ta da harsashi mai matsi fiye da kima, a buga mata hatimi kafin a sayar. Gidan gwajin Birmingham yana wannan aiki tun 1813.

A ƙasar Hausa sana'ar ba ta yi tushe ba, domin yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar maharba da bindigar toka. Amma tunanin raba makamin soja da na farauta ta hanyar awo ya iso. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigogin soja masu awon 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci, cikin makaman da aka haramta, ta kuma sa ƙera bindiga ko gyaranta ƙarƙashin lasisi.

Daga shekarun 1960 masana'antu suka fara karɓe aikin daga hannun maƙera. Mauser 66 da Thompson/Center Contender, sannan Blaser R93 a 1993, an ƙera su ne yadda mai su zai kwance bututu ya ɗaura wani cikin 'yan mintoci, ya fita wa barewa da ɗaya, ya fita wa ɓauna da ɗayan.